Gem ɗin dara a waya: da wane kwamfaila da wane inji zan fara?

Ɗan Jekadafari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar nan, don na kai wata biyu ina kewaya wuri ɗaya ban ci gaba ba.

A ƙofar gidanmu nan Jekadafari, cikin Gombe, akwai wata bishiyar dogon yaro da kakana da abokansa suke zama a gindinta bayan la'asar suna dara, tun kafin a haife ni. Ramuka 30 ne a ƙasa, layi biyar kowanne gida shida, wannan da tsinkaye 12, wancan da duwatsu 12. A zuba ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara matsawa, duk wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Yau cikin dattawan nan mutum uku kawai suka rage, kuma a ƙannena babu ko ɗaya da ya iya wasan. Ludo da ƙwallo suke bugawa a waya. Wannan abu yana damuna ƙwarai, shi ya sa na ƙudurta sai na mayar da darar nan cikin waya, da Hausa, yadda mutum zai iya karawa da ɗan uwansa ko da wayar kanta.

Ga kayan aikina, don kada a ba ni shawarar abin da ba zan iya ɗauka ba. Laftof ce ta gwanjo, Core i5 tsohon yayi, RAM ɗinta GB 8, ba ta da katin hoto na daban. Batirinta in ya yi ƙoƙari ya riƙe minti 40. Wuta kuwa kun san hali, wani lokaci sai na kai ta shagon caji sannan in samu in yi aikin dare. Data daga wayata nake jona mata, don haka duk abin da zan sauke sai na yi lissafi.

Ilimina a fannin: na yi C++ zango ɗaya a makaranta, da Dev-C++ aka koyar da mu. Na kwafo wani kod na allon wasa daga intanet na zuba a ciki, sai ya ƙi, yana cewa bai san kalmar nullptr ba, bai yarda da yadda aka yi amfani da kalmar auto ba. Kwana uku ina duba kod ɗin ina neman inda na yi kuskure, ban gano ba. Daga nan na fara tambaya. Wani abokina ya ce in watsar da komai in kama Unity. Wani ya ce Unreal shi ne na manya, da shi aka yi Fortnite. Na shiga YouTube, wannan ya ce Visual Studio, wancan ya ce GCC, wani ya ce Clang ya fi su duka. Kaina ya ɗaure.

Don Allah mai sani ya warware mini: wane kwamfaila ya fi dacewa da haɗa gem? Kuma da irin laftof ɗina, a kan me zan gina abin nan har ya hau wayar Android? Na gode.

Mai Gem Gwallameji:

Wa alaikumus salam. Abokina kada ka wahalar da kanka, Unity za ka kama. Ni da shi na fara, kuma duk matsalar da ka ci karo da ita, in ka bincika za ka tarar wani ya riga ka shiga ita, an kuma ba shi amsa. Wannan kaɗai ya isa dalili. Among Us da Hollow Knight da Pokémon Go duk da Unity aka yi su. Harshensa C# ne, wanda ya taɓa C++ ba zai sha wuyarsa ba, ya ma fi sauƙi tunda ba kai za ka riƙa bin ma'adanar kwamfuta kana kwashe abin da ka ajiye ba. Kyauta ne har sai kuɗin shigarka ya kai dala 200,000 a shekara, ka ga mu wannan ba damuwarmu ba ce yanzu.

Sannan ka yi tunanin gaba. In wata rana kana son a ɗauke ka aiki a wannan fanni, yawancin masu gem ɗin waya Unity suke tambaya. Ko Maliyo Games na Legas da shi suke horar da matasa. In ka shigo Bauchi ka zo da filas, in tura maka, ka huta da saukewa.

Injiniyan Yelwa:

Salamu alaikum. Ƙanena, tambayarka ta burge ni, musamman da ka faɗi ƙarfin laftof ɗinka da halin wuta tun farko. Da yawa ba sa faɗa, sai a ba su shawarar da ta dace da mai zama a ofis mai sanyi.

Bari in fara cire maka ƙayar da ta soke ka kwana uku. Babu kuskure a kod ɗin nan. Tsohon Dev-C++ da ke yawo a filas ɗin ɗalibai na 2005 ne, kwamfailan da ke cikinsa kuma GCC 3.4.2 ne. Shi kuwa nullptr, da auto a ma'anarsa ta yanzu, sai a ƙa'idar C++ ta 2011 suka shigo. Ka ba tsoho wasiƙar da aka rubuta shekara shida bayan ya daina karatu, ina zai gane?

Na biyu, ka haɗa abu uku a tukunya ɗaya. Kwamfaila shi ne mai juya kod ɗinka zuwa harshen da na'ura take ji, kuma manyansu a C++ uku ne: GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987, Clang, na gidan LLVM, da MSVC na Microsoft. Visual Studio da Code::Blocks da Dev-C++ ɗakunan aiki ne kawai, inda kake rubutu, su kuma su kira kwamfailan a bayan fage. Unity da Unreal da Godot kuwa injina ne, sun riga sun tanadar maka zane da sauti da taɓa fuskar waya, kai dai ka zuba dokokin wasanka.

Abin da ba a cika gaya wa sabon shiga ba shi ne, sau da yawa ba kai kake zaɓen kwamfaila ba, inda za ka kai gem ɗin shi yake zaɓa maka. In Android ka nufa da C++, kayan aikin Google da ake kira NDK Clang suke amfani da shi, tun 2018 suka cire GCC. In iPhone ne, sai Xcode a kan kwamfutar Mac, shi ma Clang, ga dala 99 duk shekara. In Unreal ne a Windows, Visual Studio da MSVC za ka girka. In burauza kake so, Emscripten ne zai mayar da kod ɗin WebAssembly, harshen da burauza take ji. Ko shi Unity da ɗan uwa ya ambata, idan za ka fitar wa wayoyi masu 64-bit, hanyar IL2CPP yake bi: ya mayar da C# ɗinka C++, sannan ya miƙa wa Clang. Shi ya sa fitarwar take cin lokaci a ƙaramar laftof. Musun wane kwamfaila ya fi sauri kuwa, bar wa masu gem ɗin da ke zana dubban abubuwa sau 60 a daƙiƙa. A kan ramuka 30 ba za ka taɓa ganin bambancin ba.

Unreal ka cire shi daga lissafi yanzu. Inji ne mai kyau, sharaɗinsa ma da adalci, kashi 5 cikin 100 suke karɓa bayan gem ya tara dala miliyan ɗaya. Amma an yi shi ne don kwamfuta mai katin hoto na gaske da RAM mai yawa, saukewarsa kaɗai GB masu yawa ce. Ba a sayen tirela don kai buhu ɗaya kasuwar Muda Lawal.

Unity zai hau laftof ɗinka, ban musa ba, kuma maganar samun aiki da ɗan uwa ya yi gaskiya ce. Sai dai shi da kayan Android ɗinsa za su cinye maka GB da dama, buɗe aiki kaɗai yana iya ɗaukar mintoci, kai kuma minti 40 gare ka. Ka kuma san tarihi: a Satumbar 2023 kamfanin ya sanar zai riƙa karɓar har santi 20 a kan kowace saukewa idan gem ya wuce wani mataki. Masu haɗa gem suka yi ca, shugaban kamfanin John Riccitiello ya sauka a watan Oktoba, aka soke tsarin baki ɗaya a Satumbar 2024. An gyara, amma wasu ba su dawo ba. Masu Slay the Spire, misali, da Godot suka koma yin kashi na biyu.

Ni da ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, Godot zan ɗora shi a kai. 'Yan Ajantina biyu ne suka faro shi, Juan Linietsky da Ariel Manzur, aka sake shi ga jama'a a 2014 da lasisin MIT, wato ko ka samu kuɗi da shi babu mai bin ka sisi. Fayil ɗaya ne da bai kai MB 100 ba a matse, ba a ma girka shi, ka danna kawai ya buɗe. Harshensa GDScript ya yi kama da Python, kuma ba ya buƙatar ka nemo wani kwamfaila, ka danna maɓalli ka ga wasanka nan take. Idan za ka buɗe sabon aiki a Godot 4 zai tambaye ka hanyar zane, ka zaɓi Compatibility. Ita da OpenGL take aiki, ta fi zama lafiya da tsohuwar laftof da ƙananan wayoyi. Sauran zaɓin biyu sababbin hanyoyin zane irin su Vulkan suke nema.

Inda data za ta tafi wuri biyu ne: fayilolin fitarwa na Godot, da suka kai kimanin GB 1, sai kayan haɗa manhajar Android, wato Android SDK da OpenJDK 17 (Java). Sau ɗaya ne, ka yi su da datar dare. Kuma tun ranar farko ka koyi Git, manhajar adana tarihin kod, ka riƙa tura aikinka GitHub, ma'ajiyar kod a intanet. Na taɓa rasa aikin wata huɗu ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona min laftof tana kan caji, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

'Yar Tumfure:

Sannunku da ƙoƙari. Yaya Injiniya ya gama magana a kan inji, ni wani gefen zan taɓo, tunda kai Ɗan Jekadafari ka ce da Hausa za ka yi wasan.

Na haɗa wa 'yan ajina wani ɗan wasan haɗa kalmomi a kwamfuta, da harshen C da raylib, wani tarin kod na haɗa gem. Duk ya tafi daidai har ranar da na sa kalmar ƙwarya da ɗanwake da ɓera. A fuskar kwamfutar sai ga alamar tambaya a gurbin ƙ da ɗ da ɓ. Yara suka ce Malama, wannan wace kalma ce? Dalili biyu na gano. Na farko, haruffan da raylib yake zuwa da su ba su ƙunshi masu lanƙwasar nan tamu ba, sai ka kawo naka zubin haruffan, ka kuma lissafa masa su da kanka a LoadFontEx. Noto Sans yana da su, Andika ma haka, duk kyauta ne. Yawancin haruffan ado da ake saukewa don gem ba su da su, sai ka ga akwati fanko. Ka gwada da jimlar da ta ƙunshi ƙ, ɗ, ɓ, manya da ƙanana, kafin ka ƙaunaci kowane zubi.

Na biyu ya shafi kwamfaila kai tsaye, don haka ban yarda ɗari bisa ɗari cewa duk ɗaya suke ba. GCC da Clang suna ɗaukar fayil ɗinka a matsayin UTF-8, tsarin rubutun da ya ƙunshi haruffanmu, tun asali. MSVC kuwa, in fayil ɗin ba shi da wata alama a farkonsa, da tsarin haruffan Windows ɗinka yake karanta shi, har sai ka ƙara masa /utf-8. Bature mai rubuta a, b, c ba zai taɓa lura da wannan ba. Mu masu ƙ da ɗ mu ne muke gamuwa da shi.

Godot 4 ya iya rubutun dama zuwa hagu da haɗa haruffan Larabci, don haka in wata rana ka so sa Ajami saboda su Kaka, hanya a buɗe take. Wannan ya sa ni ma na goyi bayan Godot a aikinka.

Amma kada ka yar da C++ ɗin da ka koya. Ka sauke w64devkit ko MSYS2, ka samu GCC na zamani, ka riƙa kunna -Wall da -g kullum don gano kurakurai, sai -O2 na ƙara gudu in za ka fitar. Raylib ƙarami ne, wani malami ɗan Sifaniya, Ramon Santamaria, ya yi shi a 2013 don koyar da ɗalibansa, kuma a nan ne na fahimci yadda gem yake juyawa a ciki. Zai yi maka rana, domin wurin da dararka za ta nemi gudu shi ne tunanin wayar, lokacin da take auna in na matsa nan ya matsa can me zai faru. Ka nemi minimax da alpha-beta, dabarun wannan auna takun, ka karanta. In GDScript ya gaza a wurin, Godot yana da GDExtension, ka rubuta wannan yanki kaɗai da C++. Ramuka 30 ma sun shige cikin lamba ɗaya mai bit 32, kowane ɗan wasa da tasa.

Mai Gyaran Waya:

Ni ban san kod ba, amma waya nake buɗewa daga safe zuwa dare a kasuwa, bari in faɗi abin da nake gani. Mutanen da za su buga darar nan Itel da Tecno da ƙananan Infinix ne a hannunsu, da yawa RAM 2, ma'adana a cike da hotuna da WhatsApp. Gem ɗin da ya yi nauyi shi ake fara gogewa in waya ta ce wuri ya ƙare. Ka yi shi ƙarami, kuma ya yi aiki ba data.

Sannan da yawa cikin ƙananan wayoyin nan masu Android Go a 32-bit suke tafiya. Kullum sai an kawo min waya an ce manhaja ta ƙi hawa, in na duba sai in ga na 64 kaɗai aka tura masa. Wajen fitarwa ka tabbata ka haɗa duka biyun. Mutanenmu kuma ta Xender suke karɓar abu, ba kowa ke shiga Play Store ba. In ka gama ka kawo shago, ina da wayoyi kala-kala, sai mu gwada.

Injiniyan Yelwa:

Malam mai gyara ya faɗi gaskiya. A Godot sunan na 32-bit armeabi-v7a, na 64 kuma arm64-v8a, ka yi wa duka biyun alama. APK, fayil ɗin da ake girkawa kai tsaye a waya, za ka fitar don Xender, Play Store kuwa wani nau'in fayil mai suna AAB yake karɓa a sababbin manhajoji tun Agustan 2021. Rajista dala 25 ce sau ɗaya, kuma sabon asusu na mutum ɗaya sai ya yi gwajin rufe da mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya saki ga kowa. Makullin sa hannun da za ka ƙirƙira don shaida cewa manhajar taka ce, ka adana shi wuri biyu. Malama kuma na karɓi gyara, maganar /utf-8 ta kuɓuce min.

Ɗan Jekadafari:

Assalamu alaikum. Na dawo bayan sati uku in ba ku labari, kuma in yi godiya. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Godot na kama. Abokina na Gwallameji ka yi haƙuri, ban ƙi maganarka ba, in Allah ya hore min laftof mai ƙarfi zan zo da filas ɗin. Daren farko na sauke shi, kafin batir ya mutu har na zana ramukan 30 a fuska, na danna ɗaya dutse ya bayyana. Na daɗe ina kallonsa. Kayan Android su suka ba ni wuya, dare biyu na yi ina saukewa, sannan ya ƙi fitarwa sai da na nuna masa inda Java take. Malama, Andika na sa, rubutun "Ɗan wa za ka ci?" ya fito da ɗ ɗinsa cif. Na kuma sauke w64devkit, na zuba tsohon kod ɗin nan da ya hana ni barci, ya wuce ba ko tari.

Jiya bayan la'asar na kai wa Kaka. Da farko ya ƙi karɓa, ya ce shi idonsa ba ya ganin abin cikin waya. Na ƙara girman duwatsun a gabansa, na riƙe masa, shi yana nuna ramin da tsinke ni ina dannawa. Abokansa biyu suka matso, har mai shayi ya bar tukunya ya zo. Sau uku suka kara da wayar, sau uku yana cinye ta. Yana gama zubawa ya riga ya shirya inda zai riƙa fita da ɗa ɗaya yana mayarwa, duk dawowa sai ya ci. Wayar taku uku kawai take hangowa, kuma ba ta san darajar zubin farko ba, ko'ina ta samu zubawa take. Da na ƙara mata zuwa biyar a tsohuwar wayar ƙanwata, sai ta yi shiru har Kaka ya tambaya ko ta mutu ne. Don haka Malama, da alama zan zo wajen alpha-beta ɗin nan da wuri, in bai isa ba sai C++.

Wani abin kuma da ban zata ba: wayar ta jera huɗu ta ci ɗan Kaka, nan take dattawan suka ce a'a, huɗu ba ci ba ne, uku ne kawai. Wannan na gyara a daren. Amma sun yi saɓani a kan ko ana cin ɗan da ke cikin jeri ukun da abokin karawa ya riga ya kafa. Kaka ya ce ba a taɓa shi, abokinsa da ya taso a Azare ya ce a wajensu ana ci. Ina tunanin in sa duka biyun mutum ya zaɓa kafin a fara. Masu dattawa a Bauchi, Misau, Dukku ko Kumo, don Allah ku tambayo min yadda ake yi a wajenku.

Malam mai gyara, ranar Asabar in sha Allahu zan shigo kasuwa da APK ɗin. Kuma ina neman mutum 12 masu Android da za su riƙe shi a wayarsu kwana 14, yanzu ina da biyar har da mai shayi.